Naman da Ke Rawa a Gidan Ranau

Tun da muka dawo daga ƙasar Malumfashi ba a bar ni na sha fura cikin kwanciyar hankali ba. In na zauna a mahauta, tambaya. In na fito daga masallaci, tambaya. Wai da gaske ne Bamagujen nan yana sa yankakken nama rawa? Wai me ya sa ni Jibo, da na yi furfura ina fawa a Maska, na koma zaman buzu ina kallon ƙanena yana yanka? Har na ji ana raɗe-raɗin na bar wa iskoki wuƙata a can. To, na gaji. Zan faɗa sau ɗaya daga fari har ƙarshe, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Mu biyu mahaifinmu ya bari a kan sana'a, ni da ƙanena Haladu. Shi ke kayar da sa, ni ke yanka da fiɗa, kuma da hannayenmu huɗun nan matanmu da 'ya'yanmu da tsohuwarmu suke cin tuwo. Wata ranar kasuwa, bayan marka ta wuce, wani bijimi ya fizge igiya a hannun Haladu. Ina tsaye kusa na ji ƙarar wani abu a kafaɗarsa, ɗas, kamar an tsinke tsirkiya. Kwana uku damtsen ya yi baƙi. Da baƙin ya washe sai ga wani ƙullutu ya zauna a saman gwiwar hannunsa, ya kai girman ƙwan agwagwa. Abin da ya tayar wa mutane hankali shi ne yana motsi. Haladu na ƙoƙarin lanƙwasa hannu sai ka ga abin ya zabura ya dunƙule a ƙarƙashin fata.

Wanzamin unguwarmu ya duba ya ce jifa ce, wani maƙiyi ne ya aiko da abu mai rai, kuma in ba a tsaga an fitar ba zai hau har zuciya. Baffanmu, wanda shi ne Sarkin Fawa, ya yarda. Ni ne na ƙi. Ba wani sani gare ni ba, taurin kai ne kawai, da kuma tsoron abin da aska za ta bari a hannun da ke ciyar da rabin gida. Wani falke mai sayen fata ya ba ni labarin wani tsoho, Ranau, a cikin Maguzawan da ke gab da Malumfashi, ya ce babu abin da ke tsakanin fata da ƙashi da bai sani ba. Baffa ya ce ya ba mu kwana takwas. In muka dawo da baƙon a damtse, wanzami zai yi aikinsa.

Muka ɗaura wa jaki guzuri da ɗan ƙullin gishiri na gaisuwa, muka fito da sassafe. Da rana ta take muka iso Funtuwa, 'yan gidaje a gindin dutse da rijiya mai zurfi. Na cika gorarmu, na ɗaga zan rataya, sai kawai ta sulluɓe ta fashe a kan dutse. Matan da ke ɗibar ruwa suka kwashe da dariya. Haladu ya ce, "Yaya, ni ke da ciwon hannu, kai ke fasa kaya?" Na ce masa gorar ce ke da santsi, kuma in ya ƙara magana zai ɗauki kayan jakin a ka. Wata tsohuwa ta tausaya ta ba mu wata tsohuwar gora mai warin daddawa, da ita muka ƙarasa tafiyar.

A ƙofar Bakori muka gamu da mai tsaron ƙofa, wani dogo mai ido ɗaya da ke bincike kamar an ce masa mun saci garin. Ya zazzage buhunmu, ya shinshina gishirin. Da ya ga hannun Haladu a naɗe ya ce a kwance. Haladu, da son nuna abin mamaki, ya lanƙwasa masa. Mutumin ya ja da baya har mashinsa ya faɗi.

"A'uzu billahi! Wannan ba zai shiga ganuwar nan ba. Ku biyu na gani, ashe ku uku ne."

Dole muka zagaya wajen gari, zuwa gidan wani mahauci da ya san mahaifinmu. Ya karɓe mu da mutunci, matarsa ta kawo fate mai yakuwa, irin na mutanen wajen Zazzau, ruwa-ruwa, wanda mu a gida ba ma lissafa shi cikin abinci sai mara lafiya. Amma kafin magariba na ga maigidan yana zagaye bukkar da aka ba Haladu da toka. Na tambaye shi, ya ce don tururuwa ne. Ban ga tururuwa ko ɗaya a gidan ba.

Kwana na biyu shi ne mai nauyi. Hanya ta shige daji, ciyawa ta fi mutum tsawo, ga rafi da bai gama janyewa ba. A bakin rafin sai da muka sauke kaya, na tsaya ina fama da ƙullin igiyar da ni na ɗaura da safe, yatsuna sun ƙi kama shi. Haladu ya kwance da hannun hagu da haƙori, yana yi mini waƙar tsufa. Gaba kaɗan muka ratsa wani kufai da mahara suka tashi mutanensa. Dawa ta tsiro a tsakar gidaje ta yi kai, ba mai girbi. Turmi na nan a tsaye da taɓarya a ciki. Jakinmu da ba ya wuce ganye bai taɓa komai ba a garin nan.

Da la'asar muka iso wata tsamiya a mararraba. An ɗaura mata farin ƙyalle, jikinta duk busasshen jini da gashin kaji. Wani manomi da muka tarar ya ce daga nan ƙasar Maguzawa ta fara, kuma baƙo ba ya wucewa sai ya faɗa wa itacen sunansa. Na ce ni Musulmi ne, ba na gaisawa da itace. Na yi bisimilla na wuce. Ina jin Haladu a bayana yana cewa a hankali, "Haladu ne, daga Maska." Na yi kamar ban ji ba.

Gidan Ranau ba gida ba ne, ƙauye ne guda, 'ya'ya da jikoki duk a shinge ɗaya, rumbuna sun fi ɗakuna yawa. Matansu ba sa ɓuya. Wata ta tare mu da fartanya a kafaɗa, ta dube ni ido cikin ido ta tambayi abin da ya kawo mu, ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Aka kawo mana giya a ƙwarya, muka ce ba ma sha, ba su ji haushi ba, suka musanya da kunun tsamiya. Tuwonsu na jar dawa ne, malmala ɗaya ta ishi mutum uku. An ce tsohon yana gona yana gadin birai, sai da safe.

Da hantsi aka kai mu rumfarsa. Na yi shekaru ina cikin jini da ƙashi, amma da na ɗaga kai sai da tsigar jikina ta tashi. Ƙafafuwan dabbobi ne a rataye reras, na awaki, na gada, na shaho, na kare, duk an feɗe an shanya, kowace da fararen zaruruwa suna lilo a ƙarƙashinta. Ba iska a ranar, amma suna ɗan juyawa. Ranau na zaune a ƙasa, ɗan ƙaramin tsoho da warki, idanunsa kamar na yaro. Ya latsa ƙullutun Haladu, ya sa shi ya lanƙwasa hannun, ya miƙe shi, ya juya tafin sama. Ya bi kafaɗar da babban yatsa har Haladu ya ce wash.

"Mi wanzaminku ya ce?"

"Ya ce jifa ce, Baba. Zai tsaga ya fitar."

Ya yi wata 'yar dariya. "Kai mi kake yi a duniya?"

Na ce fawa, gadon gidanmu ce.

"Awo. To ka san nama ke nan."

Na ce in ban san nama ba me na sani? Ya sa aka jawo ɗan akuya, ya ce ni zan yanka don mu ma mu ci. Na yi bisimilla na yanka. Wajen fiɗa wuƙar ta kuɓuce mini ta faɗi cikin ƙasa, abin da rabona da yi tun ina yaro. Na ɗauka na goge ina zagin ƙotar. Da na ɗago na tarar tsohon ba akuyar yake kallo ba, ni yake kallo.

Ya yanki tsoka daga cinya tun tana da ɗumi, ya shimfiɗa a kan faifai, muka zauna har ta yi lakwas. Mu mahauta mun saba ganin nama yana ɓari bayan yanka, mukan ce rai ne bai gama fita ba. Amma wannan ta riga ta kwanta. Ya kwance ƙullin gishirin da muka kawo masa, ya barbaɗa kaɗan. Wallahi da rana tsaka, a gaban idona, naman nan ya fara motsi. Nan ya harba, can ya harba, wani gefe ya tattare ya saki, kamar akwai 'yan tsutsotsi a ciki alhali babu komai. Haladu ya kama salati.

"Ba iska ba ce," in ji Ranau. "Akuyar ta tafi, naman bai sani ba. Naman da ya rabu da mai ba shi umarni, shi ka wannan rawa. Ba ta daɗewa."

Ba ta daɗe ɗin ba kuwa.

Ɗaya cinyar ya sa aka dafa ba yaji ba komai, har ta yi laushi. Ya ɗauko ƙayar aduwa ya ce in matso. Ya fara nuna mini farin tantanin da ya lulluɓe tsokar gaba ɗaya, wanda mu muke yayewa mu jefa wa karnuka. Ya tsaga shi, ya buɗe. A ciki tsokar ba dunƙule ɗaya ba ce, ƙulle-ƙulle ne a jere, kowane da nasa tantanin da ya fi na waje sirantaka. Ya zaro ɗaya ya tsaga, sai ga zaruruwa kwance, duk sun fuskanci gefe guda. Ya ja sili ɗaya ya raba shi biyu da bakin ƙaya, ya sake rabawa, har ya fi gashi siriri, har idona ya kasa bi.

"Nan idona ya tsaya," in ji shi, "amma ban ce nan abin ya tsaya ba. Dami ne cikin dami, kamar dawa a rumbu. Kai kullum a kwance kake yanke su don su yi daɗin tauna, shi ya sa ba ka taɓa ganin tsawonsu ba."

Na ji kunya, kuma na ji haushin jin kunyar. Ya bi tsokar zuwa ƙarshenta ya nuna mini yadda jan naman ke ƙarewa, tantanin nan duka su tattaru su zama farar igiya mai ƙarfi, ta tsallake gaɓa ta kama ƙashin gaba. Ya ce tsoka ba ta iya turi, ja kawai ta sani. In ta dunƙule ta jawo ƙashi, sai wata da ke bayan ƙashin ta jawo shi ya koma. Daga nan ya tono wani ɗan farin zare mai laushi da ya shige cikin naman daga gefe, kusa da hanyar jini. Ya ce wannan ba ya jan komai, ɗan aike ne, shi ke kawo wa tsoka saƙon mai ita. Ya ce ya taɓa ganin maharbin da kibiya ta yanke wa shi a damtse, raunin ya warke sarai, amma hannun ya bushe kamar kara.

Haladu ya ce, "To Baba, nawa baƙon fa?"

Tsohon ya ce akuya ba za ta nuna wannan ba, hannunta ba irin namu ba ne. Ya miƙa hannu bayansa ya jawo wani abu daga ƙarƙashin ganye. Jan biri ne da suka kashe a gona da asuba. Ya riga ya feɗe hannun daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, ya bar tafin da fatarsa, da 'yan farcensa, da zanen tafi irin na ɗan mutum. Na kau da kai, ya ce in duba. Ga ƙwanji nan kwance a gaban damtse. A ƙasa igiya ɗaya gare shi, amma a sama ya rabu biyu, igiya biyu suka hau kafaɗa, doguwa da gajera. Ya sa wuƙa ya tsinke doguwar. Nan take naman ya zame ya taru a saman gwiwar hannu, ƙullutu sak irin na Haladu.

Sai ya kama tsokar ta wajen gajerar igiyar da ta rage ya ja. Hannun mataccen birin ya taso a hankali daga ƙasa, ya lanƙwashe, ya tsaya a gaban fuskata kamar mai jinjina.

"Ka gani? Ɗaya ta tsinke, ɗaya na nan. Wanga ba baƙo ba ne, ɗan gida ne ya rasa abin kamawa. In wanzaminku ya fidda shi, ƙwanjin ɗan'uwanka zai fidda, ya ba kare. Ku rataye hannun kwana arba'in, kada ya taɓa igiyar sa. Ƙullutun da shi za a binne shi, amma zai riƙe wuƙa, zai ɗauki ɗa."

Haladu ya fashe da kuka, ƙato da shi, matan gidan suna leƙe. Ni kuwa daɗi ya cika ni har na ci naman akuyar nan marar gishiri kamar kilishi.

Mun ɗaura kaya za mu tafi sai Ranau ya yafito ni bayan wani rumbu. Na ɗauka maganar sallama ce. Ya ce in ba shi hannayena biyu. Ya jera su a kan gwiwarsa, bayansu a sama, inda rana ke haskawa.

"Tun yaushe kake yar da kaya?"

Raina ya ɓaci. Na ce wane kaya? Wuƙa ce ta zame, ƙotar ta sha mai. Bai yi gardama ba. Ya sa yatsa a tsakanin babban yatsana da manuni na hagu, wurin a cike. Ya sa a na dama, yatsansa ya nutse cikin rami. Ban san ranar da naman wurin ya tafi ba. Ya ce in saki hannun, kada in motsa, in duba kawai. Na duba. A gindin babban yatsa, ƙarƙashin fata, wani ɗan wuri ya harba. Ya tsaya. Wani kusa da shi ya harba. Ni ban aike su ba, ban ma ji su ba. Na tuna gora a Funtuwa, na tuna ƙullin igiya a bakin rafi, na tuna abin da ke kan faifai ɗazu.

"Ɗan aiken ya fara daina zuwa," in ji shi.

"Akwai magani, Baba?"

"Da akwai, da ban kira ka bayan rumbu ba."

"A hannu zai tsaya?"

Ya ce, "Na ga wanda ya tsaya. Na ga wanda ya hau." Ya saki hannayena. "Ka tsare na ɗan'uwanka da kyau. Da shi za ku ci."

Ban gaya wa Haladu ba. A hanyar dawowa ban ga daji ba, ban ga kufai ba, hannuna kawai nake kallo. Da muka zo tsamiyar nan na tsaya na daɗe, amma ban faɗa mata sunana ba, na karanta abin da na iya na wuce. A rijiyar Funtuwa gorar tsohuwar nan ma ta kuɓuce mini. Ba ta fashe ba, ta gangara. Haladu ya bi ta ya ɗauko, ya rataya a kafaɗarsa mai lafiya. Wannan karon bai yi dariya ba, kuma daga nan har gida bai ƙara bari na ɗauki komai ba.

Mun iso ana saura kwana uku wa'adi ya cika, wanzami har ya wasa aska. Na dafa cinya a gaban Baffa, na tsattsaga masa ita da ƙaya yadda aka nuna mini, dami cikin dami, har zuwa farar igiyar. Wanzami ya ce yaushe mahauci ya fara koya wa wanzamai aiki, kuma ilimin masu gaida itace ne. Na ce masa duk wanda ya kusanci damtsen ƙanena da ƙarfe, sai dai ya fara da ni. Baffa ya juya naman a hannu, ya ce shekara nawa yana sayar da wannan abu bai taɓa buɗe shi ba. Ya ce a bar yaron.

Kwana arba'in na yi ina yanka ni kaɗai, ina ɗaure wuƙar a hannuna da tsumma in ce don santsi ne. Ranar da Haladu ya kwance ratayarsa ya kama ƙahon sa ya murɗe, ƙullutunsa na tsalle, yara na ihu, ranar na ciro wuƙar mahaifinmu daga kube na miƙa masa a gaban kowa. Ya karɓa bai tambaye ni dalili ba.

Wannan shi ne labarin, ban bar wa iskoki wuƙata ba, ba kuma wanda ya jefe ni. Masu cewa ƙarya nake, nama ba ya rawa, ba sai sun wahalar da kansu zuwa Malumfashi ba. Su zo mahauta da hantsi, lokacin da rana ke faɗowa kan buzuna, in ɗora musu hannu a gwiwa. Yanzu rawar ta kai damtse, kuma ba sai an barbaɗa gishiri ba.